Ranar da Baba Tamu Zai Ga Rijiyarsa

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, mai girma Perfen Dungas, magajin garin Yekuwa da 'yan majalisarsa, iyayenmu sarakuna da malamai, iyayenmu mata da suka sha rana a kan amalanke tun daga Yekuwa, 'yan kabu-kabun da suka bar tasha suka cika mana bayan zaure, jama'a baki ɗaya, barkanku da zuwa.

Sunana Abdulhadi, ni ne mai riƙe kamara a ƙaramar ƙungiyarmu ta masu bidiyo a nan Dungas. Ina gode wa Allah, ina gode muku, ina kuma gode wa abokiyar aikina Mansura, wadda ke haɗa hotunan a ordinata, wato kwamfuta. Da ba ita ba, da yau ban haƙuri na zo yi muku.

Magana ta farko, alkawari. Bara muka je Yekuwa ɗaukar fim a kan Baba Tamu, ga shi nan zaune, wanda ya shekara hamsin yana haƙa wa mutane rijiya da hannunsa. Ranar da muka gama ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, idona yana tafiya. Na sha ganin sama daga ƙasan rijiya, amma ban taɓa ganin kaina a ciki ba. Ka nuna mini kafin hasken ya ƙare." Na ce masa wata biyu. Jama'a, wata biyu na ce, wata tara muka yi.

Magana ta biyu, abin da ya tsayar da mu, kuma a gabanku zan amsa laifina. Aikin ya kumbura a cikin na'ura har nauyinsa ya kai jiga ɗari bakwai. In Mansura ta danna shi da safe, sai mu sha shayi, mu je kasuwa mu dawo, na'ura tana nan tana nishi. Wani lokaci ta buɗe, a taɓa hoto ɗaya ta sake daskarewa. Me ya kumbura shi? Ni ne. An rene ni a kan cewa ba a juya wa babba baya yana magana, don haka tun daga sallama nake kunna kamara. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ya damina, ya mutanen Waca, duk suna ciki. Kuma kun san Yekuwa: in ka ɗauki gida ɗaya, maƙwabci ya shimfiɗa tabarma yana jira, da wane ido za ka wuce shi? Gida talatin da ɗaya na shiga. Sannan tsoron kada wani abu ya ɓata ya sa duk mako nake kwafe aikin gaba ɗaya in sa masa sabon suna: na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe na gaske. Kwafi goma sha ɗaya!

Ana cikin haka Baba ya aiko jikarsa Ɗela ranar kasuwa. Ta ce, "Baba ya ce in tambaye ka, ko shi ma rijiyar ka jefa shi? Yanzu fa sai mutum ya matso sosai yake gane shi." Wallahi ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ji tsoro kuma.

Magana ta uku, yadda aka fita. Mansura ta ce mini, "Yaya Abdulhadi, ba sabuwar na'ura muke buƙata ba, shara za mu yi." Ta fara da tarkacen da manhajar ke tara wa kanta duk lokacin da aka kalli hoto don gwaji, ta share shi, babu abin da ya ragu a fim ɗin. Ta duba kwafina goma sha ɗaya, ta bar guda. Sai ta zo kan gaisuwa, a nan muka yi rigima. Na ce ba zan yanke bakin dattijo yana tambayata gajiya ba. Ta ce, "Wa ya ce a zubar? Kai da ka yi girbi, a tsakar ɗaki kake jibge hatsin shekara? Rumbu ake kaiwa, a ɗebo na tuwon yau." Ta kwashe dukan ɗanyen hoton ta adana a wani faifai daban, ta umarci manhajar ta tattaro guntayen da muka yi amfani da su kawai, da ɗan rara gaba da baya, ta zuba su a sabon aiki. Jiga ɗari bakwai suka koma talatin da takwas. Ta danna, kafin in ajiye kofin shayi aiki ya buɗe! Cikin mako uku muka gama abin da ya gagare mu wata tara.

'Yan'uwana masu bidiyo na Magarya da Waca, ku ɗauki wannan kyauta: ku share tarkace, ku rage kwafi, ku kai sauran rumbu. Mutanen Yekuwa kuma, gaisuwarku ba ta ɓata ba, kowane gida zai karɓi tasa a waya kafin ya tafi.

Gaisuwa ɗaya ce ta tsira a cikin fim ɗin, kuma ba ni na roƙa ba, Mansura ce da kanta ta kasa yanke ta. Da ita fim ɗin ya fara: Baba yana ƙasan rijiya mai zurfin gaba goma sha biyu, ya ɗaga kai yana tambayar mu na sama ko mun kwana lafiya.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba mu damina mai albarka, ya cika rijiyoyinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da hasken ido.

Baba, da safen nan na ɗaga maka yatsu, ka ƙirga su daidai. Mun sa kujerarka taku uku daga farin zanen da za a haska fim ɗin. A rufe tagogi. Baba, na makara, amma ban makara da yawa ba. Ga rijiyarka, ga ka a ciki.

Na gode.