Ƙafar da Ba Ta da Ubangida

Salamar Yesu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Ku bar ni in yi magana a zaune, ƙafar nan ba ta jure tsayuwa.

Ni ne Garba, wanda Fada ya raɗa wa Benedito ranar baftisma. Dako nake yi tun ina bawa har na fanshi kaina. Mu huɗu muke rataya gangar sukari a itace, mu saɓa a kafaɗa, muna waƙa don tafiyarmu ta zo ɗaya. Dokarmu guda ce: ko me ya faru ba a sakin itace, don in ka saki, 'yan'uwanka nauyin zai danne.

Ran nan muna tsallaka titi a gindin gangara, kusa da unguwar Agua de Meninos. Kun san keken fasinjan nan mai bin dogo, wanda alfadarai ke ja. Da kofatonsu muke gane zuwansa. Ashe matuƙin ya kwance alfadaran a sama, ya bar keken ya gangaro da kansa. Ba kofato, ba ƙararrawa! Na gan shi fa, kuma da na yi tsalle da na tsira. Amma abokina Musa na gefena, ban saki ba. Keken ya murƙushe mini ƙafa, Musa ya karye a kafaɗa.

Musa bawa ne, sai masu keken suka biya ubangidansa diyya. Shi Musa ko sannu ba a ce masa ba. Ni kuwa na dogara sanda har gaban akawun alƙali. Ya tambaye ni wane ne ubangidana, na ce ba ni da shi. Ya ajiye alƙalami ya ce, "To wa ya yi asara ke nan?"

Maganar nan ta ci mini rai. Na faɗa shan giyar rake, na daina zuwa coci. Wata safiya na ɗauki ƙaton dutse na aza kan dogon, na zauna ina jira. Sai na ji wasu 'yan dako sun taho da waƙarmu. Keke in ya goce, kansu zai yi, kuma na san ba za su saki itace ba.

Na ce, "Yesu, ka riƙe ni, na kasa riƙe kaina!" Da rarrafe na kai, na janye dutsen.

Har yau ana kwance alfadaran, har yau ba a biya ni ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ƙona ni. Amma kullum ina gindin gangarar nan. Da na hango keke sai in buga dogon da dutsen nan, 'yan dako su ji su dakata.

Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Akawu bai ga wanda ya yi asara ba, amma Yesu ya gani.