Durƙuson Shayi

A tashar bas ta Tottenham na ji su, shekarun da kuɗin fetur ke ta turo yaranmu karatu Landan. Wani ɗalibi yana zaune, wata dattijuwa tana tsaye tana ta hamdala da Hausa.

"Iya, lafiya?"

"Lafiya ta samu, ɗan nan. Daga kansil nake, ofishin ƙaramar hukuma. A gidan tsofaffi nake aiki, saura ƙiris a kori shugabarmu, wata Baturiya, saboda ni."

"Me kika yi?"

"Shayi na kai wa wani tsoho, na durƙusa na miƙa masa. Ashe jami'in kansil mai duba gidajen tsofaffi yana bakin ƙofa. Sai ya kai rahoto wai Baturiya tana tilasta wa baƙar fata durƙuso."

"Ai gara a kore ta!"

"Rufe mini baki! Matar da ke riƙe mini aiki in yi salla? Mu duka ma'aikatan muka je kansil ɗin, har mai girkinmu 'yar Jamaika. Na ce musu a haife tsohon ya haifi ubana, ba zan tsaya masa a ka ba."

"Nan Ingila ce fa, Iya. Ni ko a gida na daina."

"Na ga alama, tunda kana zaune ina tsaye."

Ya miƙe da sauri, ta zauna.

"Sun yarda dai?"

"Sun yarda, an yi cancel ɗin korar. Sai dai yanzu tsohon ya daina karɓar shayi a hannun na tsaye. Jiya shugabar da kanta ta durƙusa masa, mu biyu muka ɗaga ta."