Ƙwayoyin da Na Zuba a Binuwai

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Dattawa, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni fili. Sunana Saratu, amma yawancinku da Maman Hannatu mai kifi kuka san ni. Abin da zan faɗa ya daɗe. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri, ko gada ba a yi a Binuwai ba tukuna.

A Vinikilang nake zaune a lokacin. Ina sayen kifi wurin masunta in yi banda, in shiga kwalekwale in kawo kasuwar Jimeta. Mijina Bitrus ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Yaƙi ya ƙare, mazan wasu suka dawo, nawa bai dawo ba. Ya bar ni da 'ya ɗaya, Hannatu, ko makaranta ba ta shiga ba.

Wanda ya kawo mini kayan Bitrus wani abokinsa ne soja, Iliya, ɗan ikkilisiyar nan. Iliya ya dawo da zafin addu'a irin wanda ban taɓa gani ba. Ya ce ya ga mutuwa da idonsa, Allah ya fisshe shi, don haka sauran ransa na Allah ne. Ya fara tara mutane a gidansa can wajen Jambutu, ana waƙa, ana tafi, ana azumi. Ina so ku gane, ba mugun mutum ba ne. Lokacin da kowa ya gaji da kukana, shi da matarsa Rifkatu ba su gaji ba. A gidansu na fara iya cin abinci.

Sai dokoki suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mace mai bi ba ta sa 'yan kunne, na cire nawa. Ya ce kada mu ci naman layya da maƙwabta Musulmi ke aiko mana. Goggo Dija, Bafulatanar da muke zama kusa a kasuwa, ta kawo mini cinya guda can kasuwa lokacin Sallah, na mayar mata. Na ga yadda fuskarta ta sauya. Daga ƙarshe ya ce shan magani rashin bangaskiya ne. Wai wanda ya je asibiti ya nuna Yesu bai ishe shi ba.

A daminar nan ce tari ya kama ni. Na ɗauka hayaƙin banda ne. Da ya ƙi tafiya, sai na je asibiti a ɓoye. Suka gwada majinata, suka ce tibi ne, suka ba ni ƙwayoyi, suka ce in riƙa zuwa allura. A hanyar komawa gida, muna tsakiyar ruwa, tsoro ya kama ni. Na ce in na mutu da maganin nan a cikina, me zan gaya wa Ubangiji? Na kwance bakin zanina na zuba ƙwayoyin duka a kogi. Har na ji kamar na yi wani babban aiki!

Ba a daɗe ba Rifkatu ta shiga naƙuda. Haihuwa ta zo da gardama. Mata suka ce a kai ta asibiti, aka ce a ci gaba da addu'a. Ina cikin masu addu'ar. Da ita da jaririn, babu wanda ya tashi.

Mutuwar nan ta girgiza ikkilisiya. Ranar Lahadi bayan sujada aka ce kowa ya zauna. Ina can bencin baya, ina tari cikin zanina don kada a ji. Baba Ishaku, babban dattijo, ya tashi ransa a ɓace.

Ya ce, "Baba Fasto, a kore su duka! Sun raba mana ikkilisiya. Suna kallon matanmu kamar arna saboda 'yan kunne. Yanzu ga shi sun kai yarinyar mutane kabari."

Wata daga cikinmu masu zuwa gidan Iliya ta ɗaga murya ta ce, "Ku ne kuka yi sanyi! Kuna cin naman yankan wani addini, kuna zuwa teburin Ubangiji da bakin nan!"

Coci ya kaure. Baba Fasto na wancan lokaci, Allah ya hutar da shi, tsoho ne mai magana a hankali. Ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya miƙe. Ba zan manta abin da ya ce ba, don a ranar haushinsa na ji.

Ya ce shi da dattawa sun zauna da Maganar Allah, sun duba. Zina, sata, tsafi, buguwa, shaidar ƙarya, waɗannan ba abin muhawara ba ne, wanda ya yi za a sa shi horo, ko ɗan wane ne. Amma 'yan kunne, da naman layya, da tafi a sujada, da yawan azumi, masu bi na gaskiya sun sha bamban a kansu. Ya ce, "Wanda lamirinsa ya hana shi, kada ya yi. Wanda lamirinsa bai hana shi ba, ya yi da godiya. Amma kada mai ci ya yi wa marar ci dariya, kada marar ci ya ce mai ci ɗan wuta ne. Teburi ɗaya za ku zo."

Baba Ishaku ya ce, "To maganin fa?"

Baba Fasto ya ce, "Magani ba ya cikin waɗannan, don rai ne a ciki. Ikkilisiyar nan ba ta ce magani zunubi ba ne, kuma daga yau ba wanda zai hana wani zuwa asibiti da sunan Yesu. Wanda ya yi, ya shiga horo. Kora kuwa, ba za mu kori kowa ba. Iliya ya binne matarsa. Wa'azin da ya ji a bakin kabarin nan ya fi nawa."

Iliya yana zaune, kansa a ƙasa. Ni kuwa na fita ina cewa a raina tsoho ya sayar da gaskiya don ya faranta wa kowa.

Na daina zuwa coci. Na daina zuwa kasuwa ma, don ba na iya ɗaukar kwando. Na rame har zani ba ya zama a ƙuguna. Kullum zufa, kullum zazzaɓi. Ina azumi a kan haka, ina cewa bangaskiyata ce ba ta kai ba.

Goggo Dija ce ta ga wurina ya daɗe babu kowa. Ba ta san gidana ba, amma ta san cocinmu. Ita da ba ta taɓa taka harabar coci ba ta je har ƙofar gidan fasto ta ce da Hausarta ta Fulani, "Adda Saratu ba shi da lafiya, ku je ku duba shi." Matar da na mayar wa nama ke nan!

Washegari da hantsi sai ga Baba Fasto da matarsa sun ƙetaro kogi. Suka same ni kwance a tabarma a inuwar ɗaki. Ina ƙoƙarin tashi in gaishe su, tari ya sarƙe ni, jini ya zubo a hannuna. Hannatu tana tsaye tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta je ta ɗebo ƙasa ta rufe jinin, kamar wadda ta saba. Ashe ta saba ɗin.

Baba Fasto bai yi mini faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, "'Yata, da me kike zuwa Jimeta?"

Na ce, "Da kwalekwale, Baba."

Ya ce, "Ba ki gaskata Ubangiji yana iya ƙetarar da ke a kan ruwa da ƙafa ba?"

Na ce, "Yana iyawa."

"To me ya sa kike shiga jirgi?"

Sai ya ce, "Kina shiga jirgi, kina addu'a ya kai ki lafiya, in kin sauka ki gode masa. Ba ki taɓa jin kin ci amanarsa ba. Ni ban zo in ɗauke ki da ƙarfi ba. Ki tambaye shi da kanki, mu muna waje."

Suka fita da Hannatu. Na juya fuskata ga bango. Ban iya doguwar addu'a irin ta gidan Iliya ba, numfashi bai isa ba. Na ce, "Yesu, na gaji. Tun da Bitrus ya tafi nake jin tsoronka. Ina ta cire wannan, ina barin wancan, don kada ka ƙara karɓe mini wani abu. In kai Uba ne, ka nuna mini. Ba na so yarinyar nan ta binne ni."

'Yan'uwa, ban ji murya ba, ban ga haske ba. Tsoron nan ne kawai ya sauka daga ƙirjina, kamar an sauke mini kwandon kifi daga ka. Na gane ba ni nake riƙe da shi da dokokina ba, shi yake riƙe da ni. Haleluya! Na kira Mama, matar fasto, na ce ta nemo mini ɗankwalina.

A ranar aka kwantar da ni a asibiti. Na yi watanni ina shan allura har mazaunaina suka ƙi zama. Matan zumunta suka raba kwanaki suna kawo mini kunu da tuwo, masu 'yan kunne da marasa 'yan kunne. Hannatu tana gidan Baba Ishaku, mutumin da ya ce a kore mu.

Wata rana da yamma sai ga Iliya a bakin gadona. Ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Maman Hannatu, ki shanye duk abin da suka ba ki." Sai ya durƙusa ya yi mini addu'a, yana kuka. Shi kansa, har ya tsufa, ban taɓa ganin ya haɗiyi ƙwaya ba. Amma bai ƙara hana kowa ba, kuma a cocin nan ya ci gaba da cin Jibin Ubangiji har ya koma ga Ubangijinsa.

Likita ya sake gwada ni ya ce huhuna ya washe. Na koma kasuwa, na aurar da Hannatu, na goyi jikoki, yau ga ni tsaye a gabanku. Yesu ne ya warkar da ni, ta hannun waɗanda ya ga dama. Yabo ya tabbata ga sunansa!

Don haka ina roƙonku, ku dogara gare shi, kada ku ji tsoronsa irin tsoron da na ji. Kada ku ɗora wa ɗan'uwanku kayan da Ubangiji bai ɗora masa ba. In kuma akwai wanda yake zaune a nan yana ɓoye ciwo, yana jin kunyar zuwa asibiti don kada a ce ba shi da bangaskiya, ya same ni a bakin ƙofa in an tashi. Za mu yi addu'a tare, gobe da safe kuma ni zan raka shi. Cikin sunan Yesu, amin.