Jikan da zai gaji sunan marigayi

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ka gafarce ni da zan ɗora maka damuwata a kan aikinka.

Ni Falmata ce daga Geskeru, amma Difa muke zaune tun da 'yan bindiga suka kashe maigidana a gonar tattasai. Ɗa guda ya bar mini, Bukar. Aurensa ya daɗe, matarsa ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Kullum roƙona Allah ya ba su namiji a maida sunan marigayi, in samu na kira "angona".

Bana suka je asibiti a Yamai. Likita ya ce matar lafiyarta lau, Bukar ne irinsa ya yi ƙaranci ƙwarai. Ba sammu ba ne, da abin aka haife shi. Ya ce ana iya ɗebo ɗan abin da ke akwai a haɗa da ƙwan matarsa, wani sa'in a dace, wani sa'in a'a. Amma in namiji aka samu, zai gaji matsalar. Mace ba ta gadonta.

Matar ta ce, "Inna, ko me Allah ya ba mu, ina so." Bukar ya ce, "Na san ɗacin abin nan, ba zan shayar da ɗana ba, sai in ke kika ce, Inna."

Mai gabatarwa, ka tambayar mini malamai: in muna sane muka yi, mun zalunci yaron? Don Allah a amsa mini da wuri, bakina suke jira.