Jami'a a Kan Fadama

"Ginin nan nutsewa zai yi, ki rubuta ki ajiye," in ji Kaspar Wangi ga wata mai sayar da kwakwa. Ranar buɗe sabuwar jami'ar Katolika ce a gaɓar tekun Papuwa Niugini. Ya kawo 'yarsa karatu daga ƙauye, amma ga shi a tasha yana neman motar da za ta mayar da su gida tare.

Mai kwakwar ta ɗago. "Kai injiniya ne, Baba?"

"Fadama ce fa! An ba iskokin wurin haƙƙinsu?"

"Aladu dangin mijina suka yanka musu, Bishop ya bi da ruwan albarka. Har naman ya ci."

"Ruwan albarka ba ya riƙe siminti."

"Duwatsun teku ke riƙewa. Mu matan coci muka kwaso su a jakar saƙa, igiya a goshi, har muka cike wurin." Ta nuna masa tabon goshinta. "Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Yau za ka ce wahalata ba za ta ɗauki 'yarka ba?"

Kaspar ya sunkuyar da kai. "Ita kaɗai gare ni, 'yar'uwa."

"To bar mana ita. Kullum ina nan."

Ƙararrawar jami'a ta kaɗa, tasha ta ɗauki guɗa. Kaspar ya shiga mota shi kaɗai, yana shaida wa fasinjoji da ƙarfi cewa 'yarsa na cikin ɗaliban farko. Ko za ta dawo ƙauye in ta gama, wannan bai sani ba tukuna.