Baƙar Igiyar Caja

A wata rumfar kayan waya a kasuwar Jimeta, wata dattijuwa mai suna Liyatu tana juya igiyoyin caja, mai rumfar, Ishaku, yana kallonta.

"Mama, ɗauki farar nan. Tana caji da sauri."

"Ba sauri nake nema ba, ɗana, tsawo nake nema. Wadda za ta kai daga taga zuwa taga."

"Soket ɗinki a taga yake?"

"Na maƙwabcina ne. Ya sa sola, mu kuwa a Luggere tun da taransifomarmu ta ƙone ba wuta. Yarona soja ne a Madagali. In ya kira ya ji waya a kashe, hankalinsa tashi yake."

"Maƙwabcin ya sani?"

"Mutum ne mai yawan aiki. Ba na son damun sa da tambaya."

Ishaku ya mayar da farar, ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur.

"To baƙa za ki saya, ba ta ɗaukar ido. Siririya ce, tana bi ta ragar taga. Kuma ki riƙa jonawa da rana, lokacin batirinsa a cike yake, ba zai ga ya ragu ba."

Liyatu ta dube shi ta saman gilashinta. "Kai fa ka san aikin nan."

"Haba Mama, a bakin kwastomomi nake ji."

"To wannan baƙar da ta fito daga wayarka ta shige shagon telan nan fa?"

Ishaku ya taka igiyar da ƙafa, ya rage murya.

"Mama, ɗauki biyu, kyauta. A gaishe min da soja."