Azumin da Ya Kusa Kai Ni Kabari

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya sa nake tsaye da ƙafafuna a gabanku yau. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wannan fili. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Saratu, matar Bitrus direba, wancan da ke can baya yana sunkuyar da kai kamar shi zai ba da shaidar. Daga Kafanchan muka zo. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, nan unguwar Bronx a New York, kuma ni ce mai kaɗa tulu a zumuntar mata.

Wata rana ina ɗaga wata tsohuwa daga wurin wanka, sai na ji bayana ya yi ƙas. Likita ya rubuta mini ƙwayar kashe ciwo. Ta kashe ciwon kuwa. Ta kashe gajiya, ta kashe kewar gida, har damuwar yara ta kwantar. Ranar da likita ya ce ya isa haka, jikina ya ce bai yarda ba. Na fara saye a hannun wani mutum a wani lungu kusa da Fordham Road. Ran Lahadi ina kaɗa tulu ina rera waƙa, ƙwaya tana ƙulle a bakin zanena. Ba zan ɓoye muku ba, haka na yi shekara uku.

Bitrus ne ya gano. Bai yi mini faɗa ba, kuka ya yi, sannan ya ɗauke ni a mota zuwa kilinik. A can suka sa ni a kan metadon. Magani ne na ruwa a ɗan ƙaramin kofi, kana sha kowace safiya a gaban nas, yana kwantar da ƙishin ƙwaya don mutum ya iya rayuwa. Kuma na rayu. Na koma aiki sosai, na daina zuwa lungun nan, yarana suka sake samun uwa.

Amma kunya ta ci ni. Kullum da sassafe ina kan layi, na ja hular rigar sanyi na rufe fuska, gabana yana faɗuwa kada wani ɗan gida ya wuce ya gan ni. Shekara uku ina haka, babu wanda ya sani sai mijina.

Sai azumin farkon shekara ya zo, kwana ashirin da ɗaya, ba ci ba sha daga shida na safe zuwa shida na yamma. Baba Fasto ya faɗa da bakinsa, kamar yadda yake faɗa kowace shekara, cewa duk mai shan magani ya ci gaba da shan abinsa. Na ji shi sarai. Amma na ce a raina wannan maganar ta masu hawan jini ce da masu ciwon sukari, mutanen kirki masu ciwon kirki. Ni nawa maganin abin kunya ne. Na ce yaya zan sha kofin nan da safe sannan in ce ina azumi? Na yanke shawara ni kaɗai: bana zan bar shi gaba ɗaya, lokaci guda, in nuna wa Allah bangaskiyata.

Bitrus ya ce, “Saratu, je ki sha maganinki. Allah bai ce ki kashe kanki ba.”

Na ce, “Kai dai ba ka da bangaskiya. Je ka jira fasinjojinka a filin jirgin sama na JFK, ka bar ni da Ubangijina.”

Kun san ni da taurin kai. Ya dube ni, ya ɗauki makullin mota ya fita.

Kwana biyu sai hamma da majina da hawaye. A kwana na huɗu amai da gudawa suka sauko tare. Ƙasusuwana kamar ana daka su a turmi. A cikin sanyin Janairu zufa tana jiƙa mini riga, can kuma sai ɗari ya kama ni. Ƙafafuna ba sa tsayawa wuri ɗaya, barci kuwa ya yi ƙaura. Daga kilinik suka yi ta kirana a waya, na ƙi ɗauka.

Duk da haka ina zuwa taron addu'a na yamma. Ina rawar jiki, ina hawaye, na rame. Sai na ji mata suna raɗa, “Kai, bana Ruhu ya sauko wa Saratu!” Har wata 'yar'uwa ta zo ta ce in ɗora mata hannu. Na ɗora kuwa! Ku yi dariya, ni ma yanzu ina yi. A lokacin dai mutuwa nake yi a tsaye, ana yaba mini.

Ranar rufe azumi mata suka taru a kicin na ƙasan coci suna girki. Aka aike ni Fordham in sayo attarugu da manja. Na sayo. Amma ƙafafuna ba su dawo kai tsaye ba, suka bi ta lungun da na yi shekara uku ban taka ba. Na ce wa kaina sau ɗaya kawai, don in samu ƙarfin kaɗa tulu da yamma.

Ku saurare ni a nan da kyau. A kilinik sun sha gaya mana cewa in mutum ya daina na 'yan makonni, jikinsa ba ya iya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Adadin da ya saba sha shi zai iya tsayar masa da numfashi. Sun kuma ce ƙwayar titi yanzu ba a san abin da ake cusawa a ciki ba. Na san duk wannan. Amma na sayi daidai yadda nake saya a da, na dawo na shiga banɗakin coci, na kulle ƙofa, na haɗiye. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne ƙamshin masa daga kicin.

Sauran labarin ba ni aka yi. Mama Rifkatu, shugabar zumuntarmu, wadda ta yi shekaru tana aikin nas, ta zo wanke hannu. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta leƙa ta ƙasan ƙofa ta ga ƙafafuna a miƙe. Aka ɓalle ƙofar. Leɓuna sun yi baƙi, numfashi ya kusa ɗaukewa. Mata suka kewaye ni suna kuka suna kiran sunan Yesu.

Mama ta daka musu tsawa, “Ku yi addu'a, amma ku ba ni wuri! Ke Ladi, kira motar asibiti!”

Ashe a cikin jakarta, tare da Littafi Mai Tsarki da alewar jikoki, tana yawo da maganin da ake fesa wa mutum a hanci in ƙwaya ta yi masa yawa. Ta fesa sau ɗaya, ban motsa ba. Ta hura mini numfashi, ta sake fesawa. Sai na ja iska. Haleluya! Na ja iska, jama'a!

Na buɗe ido a ƙasan banɗaki, zanen zumunta ya ɓaci da amai, duk matan da na yi shekara shida ina ɓoye musu suna tsaye a kaina. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A asibiti Mama Rifkatu ta zauna a bakin gado ta kama hannuna. Ta ce, “'Yata, wa ya gaya miki maganin nan zunubi ne?”

Na ce, “Mama, babu kowa.”

Ta ce, “To, da wa kike ta wannan kokawa?”

A nan ne na fashe da kuka. Na gane azumin nan ba don Allah na yi shi ba. So nake in warke a ɓoye, in fito fes, kada kowa ya taɓa sanin inda na faɗi. Na ce, “Ya Ubangiji, na gaji da nuna maka ƙarfi. Ba ni da shi. In ta hannun likita za ka warkar da ni, na yarda. In a hankali ne, na yarda. Ka dai bar ni da rai in ga yarana sun girma.” Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, kuma bai sake hawa ba har yau.

Na koma kilinik, fuskata a buɗe. Suka fara ni da kaɗan, suka ƙara har na daidaita. Sai da na yi shekara guda lafiya kafin likitar kilinik ta yarda mu fara ragewa, ɗan kaɗan-kaɗan, wani lokaci har in ji haushin jinkirin. Sau biyu muka dakata don jikina ya ƙi. Sau ɗaya ma aka ɗan mayar da ni baya, ban kuma ce Shaiɗan ya yi nasara ba. Matan da nake tsoro su ne suka riƙa raka ni layi, yau wannan gobe waccan, da kunu a fulas. Bitrus, a gaban jama'a nake faɗa, kai ne mai gaskiya. Ka ji daɗinka, ba kullum zan faɗa ba.

Ragewar ta ɗauki shekara biyu. Wata Talata na sha kofina na ƙarshe, nas ta zagayo ta rungume ni. Yau shekara ɗaya da wata huɗu ban sha metadon ba, ban taɓa ƙwaya ba. Yesu ya yi! Ku taya ni ɗaga murya, Yesu ya yi!

Amma kada wani ya fita nan ya ce Saratu ta ce a zubar da magani. Akwai waɗanda muke layi tare da za su sha shi har tsufa, suna aiki, suna renon 'ya'yansu. Wannan ma ceton Allah ne. Kuma ni kaina ba na wasa da abin, na san in na koma sau ɗaya, sau ɗayan nan zai iya zama na ƙarshe.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu mai cetona, na gode muku da ba ku juya mini baya ba. Ku dogara gare shi, ba ya gajiya da mu.

In kuwa akwai wani a nan, ko wata, da ke tafa hannu tare da mu alhali cikinsa yana ƙuna da irin wannan sirri, ba sai ka tashi tsaye ba. Bayan sujada ka zo ka gaishe ni kamar kowa, ka ɗan matse mini hannu. Ran Litinin ba ni da aiki, tare za mu je kilinik.

Cikin sunan Yesu. Amin.